Kashi na Ƙarshe da Burgu Ya Soke

A wani daji, Burgu ya ci amanar masu kallo, kuma da saninsa ya ci. Shi ne manajan gidan talabijin ɗaya tilo na dajin, shi ne kuma ya soke wasan kwaikwayon Bushiya ana saura kashi na ƙarshe.

Wasan labarin wani ɓarawo ne da ke haƙa rami ta ƙarƙashin rumbu, ya zuƙe gero, ya cusa ƙaiƙayi, ya bar 'yar tsaba a sama saboda mai leƙawa. Mako bayan mako dabbobi suna kallon yadda ake yi, dalla-dalla. Kashi na ƙarshe ne zai nuna yadda ake gano satar. Sai Hawainiya ta kawo wa Burgu buhunan gero, tana son lokacin wasan don tallar man canza launin fata.

Bushiya ta same shi a ofis, ta ce, "Ranka ya daɗe, mun koya wa daji sata. Ka bari mu koya masa kama ɓarawo. Kashi ɗaya ne kawai."

Burgu ya ce, "Malama Bushiya, ni ma masoyin fasaha ne, wasanki har ƙwalla yake sa ni. Amma masu kallonki sun taɓa aiko mini da ko zangarniya? Tafi kawai suka iya. Ki ce musu ɓarawon ya tuba."

"Bai tuba ba. Ni na rubuta shi."

"To, ki ce ya yi balaguro."

Bushiya ta miƙe, ƙayoyinta a tsaye. "Zan ƙarasa shi ko a kan juji ne."

Ranar kasuwa ta tara 'yan wasanta a gindin tsamiya, ba kyamara, tabarma ce labule. Suka nuna maganin: a soka dogon kara har ƙasan rumbu, in ya shige ba nauyi, an yi ɓarna. Kowa ya ruga gida da kara. Da yawa suka tarar an fara yi musu sata, suka toshe ramuka.

Da ma Bushiya ta gayyaci Burgu. Ya aiko cewa ba ya kallon shirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi. Kullum da safe sai ya leƙa rumbunsa ta sama, ya ga gero, ya yi hamdala.

Da bazara abinci ya yi wuya, ya zura hannu, ya ji ƙaiƙayi har ƙasa. Ashe ɓarayin ma masu kallo ne, ba su taɓa fashin kashi ɗaya ba, kuma rumbunsa kaɗai ya rage a buɗe. Ya nemi Hawainiya ta agaza, ta riga ta canza launi.

Majalisar daji ta tuɓe shi. Ya ci ƙaiƙayi har kaka.

A rumbunsa ya kalli kashi na ƙarshe, shi kaɗai, babu talla.