Jatau da Bakin Baba Nomau

A ƙauyen Gidan Kurna akwai wani gida mai mutum uku: Baba Nomau, da matarsa Inna Tabawa, da ɗansu Jatau. Shi Jatau ƙato ne mai zuciyar kirki, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba Nomau bakinsa ya rufe, ko "a" ba ya cewa. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye, domin Malama Laraba ta asibitin ƙauye ta ce ƙwaƙwalwa tana iya sake koyon magana, amma in aka bar ta ta saba da shiru, shi ke nan.

Wata rana Malama ta ce, "Ƙwaƙwalwa da maimaici take koyo. Ku riƙa nuna masa abu kuna faɗin sunansa." Jatau ya fara da ludayi, ya bi da turmi. Da kayan ɗaki suka ƙare, sai ga shi ya jawo jaki. "Jaki, Baba. Jaki!" Jakin ya maƙale a ƙofa, ya yi harbi, randar Inna ta tarwatse. Tana salati tana kwashe ruwa, shi kuwa ya ɗaga wani ɓari yana cewa, "Randa, Baba. Dā randa ce."

Wata rana kuma Malama ta ce, "In ya yi ƙoƙari, ko yaya ne, ku yaba masa nan take, ku ba shi abin da yake so." Ai kuwa Jatau ya samo ƙuli-ƙuli cikin kwano. Baba ya yi tari, Jatau ya ce "Madalla!" ya tura masa ɗaya. Ya ƙifta ido, "Madalla!" Tsoho ya gaji ya riƙa tofarwa, kaji suna tsincewa. Baba dai bai koyi komai ba, kaji ne suka haddace karatun. Ranar da Liman ya zo dubiya, Inna ta ce jiki da sauƙi, bawan Allah ya ce "Madalla," sai kajin gida kaf suka yi kansa, har da mai hawa rawani.

Wata rana Malama ta ce hankali ba ya ɗaukar abu biyu lokaci guda, a rage wa mara lafiya hayaniya. Kafin azahar babu taɓarya ko ɗaya a unguwar, Jatau ya kwashe su ya jibge bayan rumbu. Matan unguwa suka cika gidan da masifa, hayaniyar da ba a taɓa jin irinta ba. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri. Da suka watse ta zauna ta yi kuka, don ta fara cire rai da sake jin muryar mijinta.

Wata rana Malama ta dubi Inna ta ce, "Inna, ke ma da naki. Kafin ya motsa kin miƙa masa ruwa, to me zai sa ya wahalar da bakinsa? Abin da yake so, ya faɗa tukuna." Inna ta ce to, amma a ranta ta san ba za ta iya ba. Jatau kuwa yana gefe, ya ji.

Da hantsi Inna ta shanya geron iri a tsakar gida, wanda Baba ya zaɓa da hannunsa zangarniya zangarniya, ta tafi rijiya. Baba yana kan tabarma a inuwa. Sai ga akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki. Baba ya nuna ta da hannunsa mai lafiya. Jatau ya harɗe hannuwa.

"Sai ka faɗa, Baba."

Tsoho ya bugi tabarma, ya zazzaro ido.

"Na gani sarai. Amma Malama ta ce sai ka faɗa."

Kai, wannan yaro! Akuya ta gama da zangarniya ɗaya ta ja ta biyu. Jijiyoyin wuyan Baba suka miƙe, leɓensa yana rawa, gumi yana keto masa. Daidai lokacin da Inna ta sako ƙafa da tulu a ka, wata murya mai kaushi ta fashe:

"K-kore ta, sakarai!"

Jatau ya washe baki, ya sunkuya zai ɗauki sanda. Inna ta riƙe masa hannu gam, ruwan tulu yana zubo mata a kafaɗa, hawaye yana bin kumatunta.

"Kar ka kore ta, Jatau," in ji ta. "Bar ta ta ci." Ta dubi mijinta. "Malam, me ka ce a yi?"