Kafin A Manna Allo A Ƙofar Gidan Rediyonmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ke riƙe da gidan rediyon Walƙiya a halin yanzu, ma'abocin ofishi mai sanyi da kujera mai juyawa, Allah ya ƙara girma, ya sa kujera ta ci gaba da juyawa lafiya.

Bayan gaisuwa ta ladabi, da tambayar iyali da gajiyar mulki, ina roƙon kada ranka ya ɓaci da na ce "a halin yanzu". Ba rashin kunya ba ne. Kai ne mai gida na huɗu da na gani a gidan nan, kuma kowanne cikin ukun farko ya zo da shirin zama har abada.

Ni ne wanda ake kira Baba Mai Faifai. Shekara talatin da takwas na yi ina tsaron ɗakin baya, inda ake ajiye faifai da kaset, kafin kamfaninka ya zo shekara biyu da suka wuce, ya ba ni agogon bango da takardar yabo ya ce in je in huta. Agogon yana aiki, na gode. Takardar kuwa an ce mini ta yi kyau. Ban taɓa shiga aji ba, saboda haka matar ɗana ce ke rubuta wannan, malamar makaranta ce. Ta so ta rage mini kaifi a wurare uku, na ƙi. Duk abin da ya sosa maka rai nawa ne, ita hannu kawai ta ba da aro.

Abu biyu suka tashe ni. Na ji cewa ranar Asabar mai zuwa mai sayen tarkace zai zo da mota ya kwashe duk abin da ke ɗakin baya. Na kuma ji cewa a wata mai kamawa za a manna allon dutse a bakin ƙofa don cikar gidan shekara arba'in, kuma za a sassaƙa a kansa cewa mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya kafa gidan. A kan haka nake gabatar da ƙorafe-ƙorafena, kaina a ƙasa.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, wa ya ba ku wannan tarihi? Ina tambaya ne don in je in ƙaru, tun da ni ina wurin ranar da aka fara amma ban ga haka ba. Wanda ya kafa gidan nan mai gyaran rediyo ne da muke kira Malam Batir, saboda aljihunsa ba ya rabuwa da matattun batura da yake cewa da sauran rai a jikinsu. A ɗaki ɗaya aka fara, a saman bene, da tebur mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu. Shi ya harhaɗa na'urar da hannunsa. Ni na hau rufi na ɗaure sandar eriya da igiyar shanya. A ƙasan benen kuwa akwai shagon tela, kuma telan nan shi ne mahaifinka.

Ban ce bai taka rawa a shirin farko ba, Allah ya tsare ni da ƙarya. Ya taka. Malam Batir na cikin cewa "Jama'a, ga mu nan, in kuna jinmu ku gaya wa maƙwabta," sai mahaifinka ya ɗauki tsintsiya mai dogon kota ya dinga dukan silin daga ƙasa, yana cewa, "Kai Batir, ka kashe wannan abin, ana aiki a nan!" Duk garin ya ji. An ɗauki shirin a kaset, kuma kaset ɗin yana ɗakin baya har gobe. To, har Asabar dai.

Na biyu. A cikin ɗan littafin tarihin da kuka buga, wanda aka karanta mini daga bango zuwa bango, an ce gidan ya tashi "daga hannun uba zuwa hannun ɗa". Masha Allah, wannan tsalle ya yi nisa. Ina aka kai mutanen tsakiya? Da ciwo ya ci ƙarfin Malam Batir, mai sayar da katifa ne ya sayi gidan. Shi ya hana a sa duk waƙar da ke sa mutum tashi tsaye, wai mai rawa ba ya tunanin katifa. Shekara bakwai muka yi muna sa wa gari barci da rana tsaka, har direbobi suka kawo kuka. Bayansa wasu 'yan'uwa biyu suka karɓa, wa da ƙane, ba sa ga-maciji da juna. Suka raba yini gida biyu, safe na wa, yamma na ƙane, kuma waƙar da ɗaya ya sa ɗayan ba zai taɓa ta ba. Da ƙarfe biyu na rana sunan gidan ma canzawa yake yi. Ni ne nake tsaye a tsakani da kwando biyu, kowa na harara ta kamar ni na haife su. Duk wannan ba tarihi ba ne? Ko takarda ce ta yi tsada?

Na uku, kuma a nan zan daɗe, a yi mini haƙuri. Masu gabatar da shiri mutane ne masu ilimi, amma ban taɓa ganin wanda ya mayar da kaset cikin kwalinsa ba. Kafin gidan ya cika shekara biyu, rubutun da ke jikin kwali da abin da ke ciki sun raba gari. Ni da ban iya karatu ba, wannan bai taɓa damuna ba, don ban taɓa yarda da kwali ba. Kowane kaset sai na saurare shi da kunnena, sannan in yi masa shaida a jikinsa. Ɗigon jan farce ɗaya, waƙar murna. Ɗigo biyu, murnar da ta yi yawa, ba a sa ta kafin ƙarfe goma. Baƙin zare a kusurwa, ta'aziyya. Koren zare, soyayyar da ke tafiya daidai. Koren zare mai ƙulli, soyayyar da ta lalace. Tsaga ɗaya da reza a gefe, mawaƙin yana raye kuma yana da saurin fushi, a faɗi sunansa daidai. Jan farcen na matata ne, Allah ya jiƙanta, ta rasu tana zargin 'yan matan gida da satar mata shi.

Da wannan tsari, mai shiri zai leƙo ya ce, "Baba, mace ta haifi tagwaye, mijin yana gaishe ta, amma daga muryarsa a tsorace yake," kafin ya rufe baki na miƙa masa abin da ya dace. Kaset dubu uku da 'yan kai, ban taɓa ba da na kuka a gidan dariya ba.

Sai ga sabon manajanka, mutum mai tsabta, Allah ya ƙara masa. Ya shiga ɗakin baya don a ɗauki hoton da za a sa a littafin tarihi, ya ga ɗige-ɗige da zare, ya ce wannan ƙazanta ce. Ya ɗauko kamfanin shara. Kwana uku suna aiki da auduga da almakashi, suka goge kowane ɗigo, suka yanke kowane zare, suka jera kaset ɗin bisa launi, farare nan, baƙaƙe can. An nuna mini hoton, kuma gaskiya ya yi kyau. Ban taɓa ganin ɗakin da babu wanda ya san abin da ke cikinsa ya yi kyau haka ba.

Ranka ya daɗe, babu wanda ya ce a tambayi tsohon nan? Gidana bai kai tafiyar shan shayi ɗaya daga ofishinka ba.

Abin da ya biyo baya duk gari ya ji. Kuka buɗe shirin tsofaffin waƙoƙi don bikin shekara arba'in, kuka dogara da rubutun kwali. Wani kafinta ya aiko a gaishe da matarsa, sun cika shekara ashirin da aure, aka sa masa waƙar da ke cewa tattara kayanki na gaji. Kwana biyu ya yi yana kwana a shagonsa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta roƙi a yi wa maigidanta a wurin aiki ta'aziyyar mahaifiyarsa, aka saki waƙa mai ɗigo biyu, irin wadda ko ni ba na sakinta kafin ƙarfe goma. Ɗalibai suka ci jarrabawa, aka taya su murna da tallar katifa ta minti tara. Daga nan manaja ya yanke hukunci cewa kaset ɗin ne suka lalace, a kira mai tarkace. Wannan hikima ta fi ƙarfina. Mutum ya cire wa kwalaben magani takardunsu da hannunsa, sannan ya ce maganin ne ba shi da kyau?

Na huɗu gajere ne. Sau uku na zo in faɗi wannan da bakina, mai gadi ya ce, "Baba, kana da kati?" Ƙofar da yake tsaro ni na shafa mata fenti na farko. Ba na jin haushinsa, aikinsa yake yi, kuma ya ba ni benci. Ina dai sanar da kai cewa bencin yana da ƙusa.

Na biyar ba nawa ba ne, saƙo ne. Matar Malam Batir tana nan da ranta, muna kiranta Inna. Barguna huɗu da ta zo da su gidan miji, su aka kafe a bangon ɗakin farko don kada ƙarar keken ɗinki ta shiga makirfo. Sanyin waccan shekarar da zane ɗaya ta yi shi. Tun daga ranar ba ta taɓa juya akwatin rediyonta zuwa wata tasha ba, har zamanin katifa ta jure. Ran da aka karanta sabon tarihin a rediyo ta aiko aka kira ni. Na same ta zaune, rediyo a kashe a gefenta. Ta ce, "Mai Faifai, zauna ka gaya mini gaskiya. Ashe shekara talatin tela nake aure ban sani ba?" Muka yi dariya har ta yi tari. Da dariyar ta lafa ta ce, "'Ya'yana sun san ubansu. Jikokina fa? Su allo za su karanta." Wannan tambayar tata ce na kawo maka.

Ga roƙona, kuma bai da nauyi. A dakatar da mai tarkace. A ba ni mako biyu a ɗakin baya, da tsohuwar na'urar saurare in ba a riga an goge ta ita ma ba. Kujera zan zo da tawa, zare da jan farce ma haka. Zan bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya in mayar wa kowanne shaidarsa, ko kafintocin garin nan sa samu su kwana a gida. In na kai ga na ranar farko, sai ka sauko da kanka mu saurara tare, kai da ni da Inna. In muryar da ta yi wa gari sallama ta mahaifinka ce, ni zan riƙe wa mai manna allo tsani. In kuwa ta Malam Batir ce, dutse yana da faɗi, zai ɗauki suna fiye da ɗaya.

Don na san mahaifinka fiye da yadda littafinku ya san shi. Bayan shekara guda da tsintsiyar nan, shi ne ya ɗinka wa na'urorinmu riguna saboda ƙura, ba wanda ya roƙe shi. Kullum da hantsi yakan aiko a sa masa waƙa guda, koren zare marar ƙulli, ya ce kada a faɗi sunansa. Kuma a duk layin babu telan da ke yin abin da yake yi: in ya gama ɗinki, sai ya naɗe ƙyallen da ya ragu, ko bai kai tafin hannu ba, ya sa wa mai kaya a aljihun rigarsa. Mutumin da bai yarda ya riƙe ƙyallen wani ba yana raye, ranka ya daɗe, kada a ɗora masa gidan rediyon wani sukutum yana kwance ba ya iya cewa a'a.

Ba don in matsa wa mai girma ba, amma a yi da ɗan hanzari. Makon jiya likita ya duba ni, ya ce kunnena na hagu ya riga ya ajiye aiki, na dama kuma ya fara haɗa kayansa. A duk garin nan shi kaɗai ya rage da zai ji daƙiƙa uku na kaset ya faɗi abin da ke ciki. Mai tarkace zai iya dawowa wata Asabar ɗin. Kunnen nan in ya tafi ba na jin zai dawo.

Zan kasance a bakin ƙofa ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe, da kujerata.

Naka mai biyayya, wanda ya yi wa iyayen gida uku biyayya har ya raka su bakin ƙofa, kuma yake roƙon Allah ya ja zamanin na huɗu,

Baba Mai Faifai,
tsohon mai tsaron ɗakin baya.
Ga dangwalen babban yatsana a ƙasa, da jan farce.