Ƙuri'ar Masu Wutsiya

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, ko wannan ma sai da na yaga shi sau uku. In kun ga kuskure, ku ɗan kau da kai.

A Dajin Kwargaba, ƙishirwa ce ke damun talakawa. Tafki ɗaya ne ba ya ƙafewa da rani, shi kuwa Zaki ya sa an kewaye shi da ƙaya, ba mai sha sai mutanen kurmin da suka zaɓe shi. Yadda ake zaɓen ke nan: kurmi bakwai, kowanne wakili ɗaya, kowane wakili tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Kurmi huɗu na kuraye da diloli ne, gaba ɗayansu ba su kai arba'in ba. Fadama kuwa, mai jakai da awaki da kwaɗi bila adadin, tsakuwarta ɗaya tal.

Tasidi Bushiya ce ke riƙe ƙwaryar a majalisa. 'Yar Fadama ce, ko kallonta aka yi da kyau sai ta dunƙule. Rani uku ke nan tana kai 'ya'yanta lasar raɓa.

Ran nan Baba Nomau, tsohon jaki, ya miƙe a majalisa ya ce sun gaji da tsakuwa, a bar kowa ya zaɓa da kansa, kuma shi ma zai tsaya takara da Zaki. Kowa ya zaci Galadima Kura, na hannun daman Zaki, zai yi faɗa, sai ga shi yana murmushi har da gyara babbar riga.

"Baba Nomau, ai ka riga ni ne," in ji shi. "Wannan gwamnati ta talakawa ce, da talakawa take kwana, da su take tashi. Ran zaɓe duk mai wutsiya ya ɗaga, a ƙirga. Shi ke nan, an ba kowa haƙƙinsa."

Ya rubuta dokar da hannunsa, ya sa zaɓen a tsakiyar damina, lokacin da jakai ke gona, awaki kuma na ɗaure a turke. Kwaɗi dama ba su da abin ɗagawa. Tasidi ta leƙa bayanta, ta ga ita ma tata ba ta kai a gani ba.

A hanyar gida ta tarar da Iya Kwaɗo a bakin kududdufi tana ta mita, wai an cire su daga lissafi, ga jikoki sun cika ruwa ba ta da sukuni. Tasidi ta kalli ruwan, ta daɗe tana kallo, sannan a hankali ta tambaya, "Iya, su talibambam ɗin nan, menene suke kaɗawa?"

Iya ta dubi jikokinta, ta ce, "'Yar nan, ashe kina magana?"

Ran zaɓe kuraye da diloli suka ɗaga wa Zaki wutsiya talatin da takwas, Baba Nomau ya samu ashirin. Maroƙa har sun fara kirari, Iya Kwaɗo ta ce ranka ya daɗe, saura akwatin Fadama. Aka ɗunguma zuwa kududdufi. Da aka kira sunan Nomau, sai ruwan ya yi baƙi ƙirin da ƙananan wutsiyoyi.

Galadima ya ce yara ne. Aka karanta masa dokarsa, babu maganar shekaru. Ya ce a ɗage ƙirga zuwa mako uku.

"Kafin nan wutsiyar ta zube ko?" in ji Iya. "A ƙirga yau, Galadima, ko za a kai dare, mu ba ma sauri."

Da aka wuce dubu biyu, Zaki ya tambayi wanda ya rubuta dokar, Galadima ya shiga gyaran babbar rigarsa. Baba Nomau ya fara jawabin godiya, yana neman a nuna masa mai wannan dabara.

Tasidi ta ajiye ƙwaryar a gindin kalgo, ta bi ta ƙarƙashin cikin jakai ta sulale. A bakin tafki ta tarar dilolin da ke gadi sun watse, ƙofar ƙayar a buɗe. Ko ƙishirwa ba ta ji, amma ta sa baki ta sha, sannan ta tafi kiran yara.