Rasuwar Lasifikata a Tsakiyar Kalma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai sunkuye, ni Falalu Ahmadu na Nassarawa GRA nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikata, wadda ta cika ranar Asabar bayan la'asar.

Marigayiyar ta shigo gidana a shekarar Udoji, lokacin da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Mai amana ce, ba ta taɓa ƙara wa zancena gishiri ba, sai dai ƙarfi. Ta yi hidimar suna a Kawaji da ɗaurin aure a Kaura Goje, kuma ita kaɗai ce a Kano ta jure Latin ɗin da na koyo a makaranta ba ta yi hamma ba. In ta gaji, "ƙiii" kawai take cewa.

Ajali ya riske ta a walimar ritayar surukina, Alhaji Aƙilu, mahaifin matata Khadijatu, wanda ya cika shekara sittin. Mai hankali sittin zai ce ya zauna. Ni kuwa rawar kai ta ɗebe ni, na miƙe gaban manyan sakatarori da alƙalai da iyalansu, ina koya musu cewa Rumawa suna da sifa ga kowane mataki na shekaru: quinquagenarius ɗan hamsin, septuagenarius ɗan saba'in. Sannan na nuna Alhaji, na ce yau Kano ta shaida shi cikakken sexagenarius ne.

Haka na faɗa, Allah shaida. Amma marigayiyar gaɓar farko kaɗai ta iya fitarwa. "Sex!" ta ce, da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, sai "ƙurrr", sai hayaƙi, rai ya yi halinsa. Ragowar kalmar ko na kusa da ni bai ji ba, ga shi kowa a wurin yana jin turanci. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar ban iya zuwa gaida Alhaji ba, Khadijatu kuma da ido take ba ni amsa.

Marigayiyar ta bar makirufo ɗaya, da doguwar waya, da mai gida wanda har yau kunya ke hana shi cin tuwo. Na yafe mata, ban ce tana sane ba.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan gareji. Inuwa direbana ne zai karɓi gaisuwa, ni kam kada a neme ni. Alhaji ya aiko cewa zai zo ta'aziyya da kansa, kuma ba zai tashi ba sai na ƙarasa masa kalmar.