Ranar da Na Gwada Cittar Baba Ayuba

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Baba Ayuba ɗakin gwajinmu a Kafanchan ba. Shi ne mahaifin Rifkatu da nake nema, manomin citta daga wajen Nok. Ya ce ba zai amsa maganar aurenmu ba sai ya ga "wannan aikin da yaron ke yi da hasken wuta".

Na'urar aro ce, Dokta Laraba, malamar da ke duba aikina, ta samo mana. Haske take haskawa kan wani ɗan fallen zinariya. Wani siririn tiyo yana zuƙo ruwan gwaji. Idan ƙananan ƙwayoyin sinadarin da ke ciki suka manne wa furotin da aka shafa a fallen, sai hasken ya karkata, layi ya ɗan ɗaga a kwamfuta, alamar akwai sinadari mai amfani a ruwan. Ɗan ɗagawa fa, kamar gashin gira.

Na tace ruwan cittar gonarsa a kwalba, na sa farar riga (na goge ta har sau biyu, Allah ya gani), na danna maɓalli.

Layi ya yi sama kamar an tsikare shi!

"Halleluya!" na ce. "Baba, irin cittarku babu ita a duniya!" Na shiga bayani da Turanci, har da cewa Turawa za su zo Nok da ƙafarsu. Baba ya cire hula yana cewa, "Yesu na gode." Rifkatu tana ɗaukar bidiyo.

Dokta Laraba ta leƙo, ta dubi layin, ta dubi teburin.

"Malam, ina tiyonka yake?"

Yana can yana lilo a gefen kwalba. Ko ɗigo bai taɓa ba. Garin rawar kai na manta ban tsoma shi ba, na'ura ta zuƙi iska zalla, iskar ce ta harba layin sama. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya mayar da hularsa a hankali. "To, ɗana, citta na bai shiga ba ke nan?"

"Bai shiga ba, Baba."

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ba ni Rifkatu, wai mutumin da ya amsa kunyarsa a gaban mutane zai iya riƙe gida. Amma duk Kirsimeti, in an miƙo mini kunu, sai ya ce, "Ku duba masa ko akwai abu a kofin."

Tun ranar, sai na duba tiyo kafin in ce Halleluya.