Bidiyon Takarar Alhaji Abdulmumini

A duk kasuwar Azare ba a yi gwanin isar da saƙo kamar Alhaji Abdulmumini ba. Shi ma ya sha faɗin haka, kuma ba a taɓa jin ya ƙaryata kansa ba. Dillalin hatsi ne, amma tun da ya sayi babbar waya 'yan layinsu suka naɗa shi Furofesan Waya. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai tsaya duba masu dariya a baya ba.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shugabancin ƙungiyar 'yan hatsi. Abokin takararsa Jaji yana bin rumfuna yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙauyanci ya ba Furofesa tausayi.

"Zamani ya wuce yawon ƙafa," in ji shi. "Rubutu na kama ido, hoto na kama zuciya, sauti na kama kunne. Ni kuwa duka ukun zan haɗa, in kama mutum gaba ɗayansa."

Ya zauna ya haɗa abinsa, bai nemi shawarar kowa ba, don ina wanda ya kai? Hotonsa ya cire masa launi, wai manya ba sa kyau da ƙyale-ƙyale, ga shi ya ɗaga ido sama yana hangen ci gaba. Ya aza karatun Alƙur'ani mai sanyin murya don neman albarka. Manufofinsa ya zuba su da Turanci, ƙanana kamar ƙwayar gero. Sai shekarar haihuwarsa da ta bana, su ne ya rubuta ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin gemunsa, a ga tsawon hidimarsa ga jama'a.

Da safiyar zaɓe ya saki bidiyon, ya kashe waya, ya shige gidan wani amininsa. Babban mutum sai an jira shi. Iyalinsa kuwa sun tafi bikin suna a Gamawa, gida a kulle.

Wallahi saƙo ya isa. Kafin hantsi ya kai Chinade, ya zaga rugage. Ba wanda ya wahalar da idonsa kan Turanci. Duk ɗan Katagum ya san abin da ake nufi da hoto marar launi da karatu da shekaru biyu. Magoya bayansa suka rufe rumfuna, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa suna jiran gawa. Waɗanda suka je wurin zaɓe suka yi wa mamaci addu'a, suka miƙa wa Jaji kujera.

Bayan azahar Furofesa ya biyo ta gida a keke napep, babbar riga na ƙamshi. Ganin taro, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya ɗaga hannu biyu.

"Kun ga aikin ilimi!"

Jama'a suka watse da gudu, wasu har da zubar da takalma. Malam Bunu, dattijon layin masara, shi kaɗai bai motsa ba. Ya ƙare masa kallo, ya bayyana masa yadda aka yi, har da labarin kujera. Alhaji ya daure, ya ce:

"Ko ba komai, yau na ga masoyana."

"Alhaji, yafe maka muka zo yi, kuma mun yafe," in ji Malam Bunu yana naɗe tabarmarsa. "Amma tunda ka dawo, kowa ya riƙe abinsa tukuna."