Waken Zuciya

Ranar da Malam Isiyaku, mai buga littattafai a Unguwar Kanawa, ya miƙo mini samfurin bangon littafina na farko, cewa ya yi, "Malam, duba da kyau kafin mu buga."

Na yi murmushin manya. Ni da na shekara goma ina auna baiti, bango ne zai gagare ni? Hotona kawai na kalla, na ga hula ta zauna, na sa hannu.

Sunan littafin Waƙen Zuciya. Ranar ƙaddamarwa zaure ya cika, aka ba surukina, tsohon malamin makaranta, kwafin farko. Ya gyara tabarau, ya karanta a lasifika: "Waken Zuciya." Ya ɗago ya dube ni. "Ɗana, da shinkafa ake cinsa?"

Ashe ƙugiyar harafin ta faɗi, waƙe ya koma wake. Aka yi ta dariya har da hawaye, littafin kuwa ya ƙare tas a ranar.

Har yau in na shiga taron marubuta, sai wani ya ɗaga murya: "Ga Sarkin Wake! An ɗora sabuwar tukunya?"